Firintar da CUPS ke cewa ta buga, alhali ko motsi ba ta yi ba

Wannan bayani ne kan wata firinta mai aiki da lesa, mai buga baƙi da fari, a wani ƙaramin ofis. Ta shafe shekaru tana aiki da wata tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da Linux, ba wanda ya taɓa kula da yadda aka haɗa su. Da aka kawo sabuwar kwamfuta aka ɗora mata Debian 12, wani nau'in Linux, wadda ta fito a watan Yuni na 2023, sai bugu ya tsaya cak. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a rubuta shi shi ne salon da matsalar ta zo da shi. Babu saƙon kuskure ko ɗaya. A tura takarda, ta bayyana a layin jira, bayan daƙiƙa kaɗan ta ɓace, kwamfuta ta nuna an kammala. Firinta kuwa tana nan shiru, ko fitilarta ba ta ƙifta ba.

Kafin a kira ni, ma'aikacin da ke zama kan kwamfutar ya yi abin da kusan kowa zai yi. Ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera firintar, ya sauke direbanta na Linux, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da ita, ya bi umarnin da aka rubuta a wurin daki-daki. Da abin ya ƙi, ya cire ya sake ɗorawa, ya canza kebul, ya canza ramin USB. Da na iso ya ce mini, "Malam, direban nan ne bai zauna da kyau ba, ko za ka sake saka shi da hannunka?" Na ce masa mu dakata da sake sakawa tukuna, domin abin da aka maimaita bai ba da wani sakamako dabam ba, babu dalilin da zai sa hannuna ya bambanta da nasa.

Raba laifi tsakanin na'ura da kwamfuta

Matakin farko bai buƙaci kwamfuta ba. Kusan kowace firinta tana iya buga shafin bayanin kanta daga maɓallan jikinta. Aka danna, ta ja takarda, ta fito da shafi tsaf. Wannan ya wanke tona (garin tawadar firinta), da injin jan takarda, da duk wani abu na cikinta daga zargi.

Daga nan na buɗe tagar umarni. `lsusb` ya nuna sunan firintar, ke nan kebul lafiyarsa lau kuma zuciyar Linux, wato ɓangaren da ke mu'amala da na'urori kai tsaye, ta gan ta. `lpstat -t` ya nuna cewa CUPS, manhajar da ke kula da bugu, yana aiki, layin jiran firintar a buɗe yake, yana karɓar ayyuka. `lpinfo -v` ya kawo adireshin da na'urar take kai, wanda ya fara da `usb://`, kuma ya yi daidai da adireshin da aka rubuta wa layin. Duk abin da mutum zai duba a tashin farko ya nuna lafiya.

Akwai wani zargi da na kawar tun da wuri. Tun daga Debian 11, a 2021, ana ɗora wata ƙaramar manhaja mai suna ipp-usb, wadda ke kama duk firintar da ta iya magana da yaren IPP, wato ƙa'idar bugu ta netwok, ta kan kebul, ta mayar da ita kamar firintar netwok a cikin kwamfutar, galibi a ƙofar sadarwa ta 60000. Idan ta kama na'ura, tsohon direban kamfani ba ya samun hanyar isa gare ta, kuma wannan ya rikita mutane da yawa. Amma `lsusb -v` ya nuna cewa a tsarin lambobin USB wannan firinta tana da aji na 7, wato ajin firintoci, da yarjejeniya ta 2 kawai. Wadda ipp-usb ke nema ita ce ta 4. Don haka ba ruwanta da wannan na'ura, kuma wannan ne ma ya sa firintar ba ta bayyana da kanta ba lokacin da aka jona ta, har ma'aikacin ya tafi neman direba.

Abin da ake kira direba

A nan sai an ɗan tsaya, domin wanda bai san hanyar da takarda ke bi ba zai yi ta lalube ne. CUPS shi ne ke kula da bugu a kusan kowace Linux ta tebur. Michael Sweet ne ya rubuta shi, ya fara fitowa a 1999, kamfanin Apple ya ɗauke shi don Mac a 2002 sannan ya saye shi a 2007. Bayan Sweet ya bar Apple a ƙarshen 2019, ci gaban CUPS na Linux ya koma hannun OpenPrinting, ƙungiyar da ke kula da manhajojin bugu na Linux, kuma zubi na 2.4 da ke cikin Debian 12 daga can ya fito.

Idan ka danna "buga" a LibreOffice ko Firefox, manhajar tana miƙa wa CUPS takardar a siffar PDF. CUPS ya duba wani fayil mai suna PPD, wanda ke zayyana abin da firintar ta iya: girman takardu, bugun fuska biyu, da kuma yaren da take ji. Kamfanin Adobe ne ya ƙirƙiro tsarin PPD tun zamanin PostScript, wani yaren firinta, CUPS kuma ya ƙara masa wani layi, `*cupsFilter`, mai faɗin sunan matata, wato ƙaramar manhaja mai sauya siffar takarda, da za ta yi aikin ƙarshe. Daga nan CUPS ya jera matatu, kowace ta karɓi abin da ta gabanta ta fitar ta sauya masa siffa, har a kai ga abin da firintar za ta gane. Na ƙarshe a jerin shi ne mai isarwa, wanda ke tura bayanan ta USB ko ta netwok. Kamar wasiƙa ce da ke bi ta hannun masu fassara ɗaya bayan ɗaya kafin ta kai ga ɗan aike: idan na tsakiya ya miƙa ambulan babu komai ciki, ɗan aike zai kai shi, ya dawo ya ce ya isar.

Abin da mutane ke kira direba, a gaskiya, PPD ne da matata ɗaya ko biyu. Manyan firintocin ofis da ke jin yaren PostScript ko PCL ba sa buƙatar komai daga kamfani, manhajar zana shafi ta Ghostscript da matatun da ke zuwa da Linux sun wadatar. Ƙananan masu araha kuwa ba su da ƙwaƙwalwar fassara shafi, kwamfuta ce ke zana musu komai ɗigo-ɗigo ta aika a wani yare na kamfanin kaɗai. Tamu tana cikin wannan rukuni, don haka matatar kamfani ita ce mahaɗar da babu makawa sai an bi ta kanta.

Kundin rahoto

CUPS yana ajiye rahoton ayyukansa a `/var/log/cups/error_log`, amma a yadda yake zuwa, gargaɗi da manyan kurakurai kawai yake rubutawa. Na buɗe na ga babu abin a zo a gani. Sai na kunna cikakken rahoto da `sudo cupsctl --debug-logging`, na sake tura shafi ɗaya, na koma kundin. A wasu nau'o'in Linux, kamar Fedora, rahoton yana tafiya ne ga `journalctl -u cups`, amma abin da ake nema ɗaya ne.

Shafi guda ya haifar da ɗaruruwan layuka, kuma wannan ne ke korar mutane daga karanta kundin. Dabarar ita ce a nemi lambar aikin, a tace layukan da ke ɗauke da ita kaɗai da `grep`, sannan a bi su da tambaya uku: waɗanne matatu aka tayar, me kowace ta faɗa, kuma yaya kowace ta ƙare. Jerin ya fito sarai. `pdftopdf` ta fara, `pdftops` ta biyo, sai matatar kamfani, sai mai isarwa na USB. Dukansu huɗu an rubuta cewa sun fita ba tare da kuskure ba. Amma can a tsakiya akwai wani gajeren layi mai ɗauke da sunan wani fayil da ke cikin `/opt`, a gabansa an rubuta `not found`, wato ba a same shi ba. Ƙasa kaɗan kuma mai isarwa ya ba da rahoton yawan bayanan da ya aika wa firinta: sifili.

To ga amsar rabin tambayar. Matatar da ke `/usr/lib/cups/filter` ba ita ce ainihin mai aikin ba. Na buɗe ta na ga rubutun umarni ne kawai, wanda ke kiran Ghostscript ya zana shafin, sannan ya miƙa zanen ga wata manhaja a `/opt` ta mayar da shi yaren firinta. Rubutun ya ƙare da `exit 0`, ma'ana ko me ya faru a ciki, zai shaida wa CUPS cewa an yi nasara. CUPS ba ya leƙa cikin abin da matata ta fitar, lambar fitarta kawai yake dubawa. Da rubutun ya mayar da lambar gazawa, da ma'aikacin ya ga saƙon cewa matata ta gaza tun a ranar farko, da kuma bincikensa ya nufi inda ya dace. A ganina wannan layi guda ya fi ainihin matsalar ɓata lokaci.

Fayil yana nan, amma wai babu shi

Sauran rabin ya fi ɗaure kai. Na duba foldar da `ls -l`, ga fayil ɗin nan zaune, girmansa daidai, izinin aiki a kansa. Na kira shi kai tsaye da cikakken adireshinsa, aka sake ce mini babu shi.

Umarnin `file` ne ya warware. Ya nuna cewa manhajar ta bit 32 ce, an gina ta don tsofaffin kwamfutoci na dangin Intel 80386, kuma tana neman mai loda ta a `/lib/ld-linux.so.2`. Kowace manhaja irin wannan tana ɗauke da sunan wani ƙaramin shiri da zai ɗora ta a ƙwaƙwalwa ya haɗa ta da laburarenta, wato fayilolin tallafi da take dogara da su. Idan zuciyar Linux ta nemi wannan shiri ba ta same shi ba, sai ta mayar da kuskuren "babu fayil", amma ba ta faɗin wane fayil take nufi. Mai karatu sai ya ɗauka manhajar ce ta ɓata, alhali mai loda ta ne babu. Sabuwar kwamfutar bit 64 ce zalla, babu ko ɗaya daga cikin laburaren bit 32 a cikinta. Tsohuwar kuwa tana da su, shi ya sa ba a taɓa jin kanta ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Da na tambayi ma'aikacin yadda ya ɗora ƙunshin direban, ya nuna mini umarnin da ya kwafa, a cikinsa akwai `--force-all`. Ba don wannan ba, da `dpkg`, mai ɗora ƙunsoshi a Debian, ya ƙi karɓar ƙunshin tun farko, ya ce ginin bai dace da na kwamfutar ba. Wannan kalma ta rufe bakin mai gargaɗi na farko, `exit 0` ta rufe na biyu. Ban ga laifin ma'aikacin ba, abin da aka rubuta masa ya bi.

Gyaran bai da tsawo. Masarrafan bit 64 na AMD da Intel suna iya gudanar da manhajar bit 32 ba tare da wata dabara ba, laburare kawai ake buƙata. Na ɗora `libc6-i386` da `lib32stdc++6`, na gwada manhajar da `ldd` don in tabbatar babu sauran laburaren da take nema ta rasa, na sake tura shafi. Firinta ta yi gurnani, ta ja takarda.

Ana wata ga wata

Shafin ya fito, amma layukan ƙasa sun yanke, rubutun kuma ya ɗan karkata gefe. PPD ɗin kamfanin ya zo da girman takarda na Amurka, mai faɗin milimita 216 da tsawon 279, alhali abin da ke cikin tire A4 ne, mai faɗin 210 da tsawon 297. `lpoptions -p sunan-layi -l` ya nuna tauraro a kan zaɓin Amurka, `lpadmin` da `-o PageSize=A4` ya gyara shi. Na kuma leƙa `~/.cups/lpoptions` a foldar ma'aikacin, domin zaɓin da mutum ya ajiye wa kansa yana danne na layi. Shafi na gaba ya fito daidai.

A tsaya nan ko a ci gaba?

Mai ofishin ya gamsu, kuma da an tsaya a nan ba wanda zai ce ba a yi aiki ba. Ni dai ban natsu ba. Bugun ofis gaba ɗaya ya rataya ne a kan wata manhaja da ba mai iya duba cikinta, wadda aka daina sabuntawa, wadda kuma rayuwarta ta dogara ga laburaren da masu haɗa Linux ke ta rage kulawa da su. Ubuntu, wani nau'in Linux, ta taƙaita ƙunsoshinta na bit 32 tun 2019. Shi kansa CUPS, duk lokacin da ka ƙirƙiri layi da PPD, sai `lpadmin` ya yi gargaɗin cewa direbobi sun tsufa kuma za su daina aiki a wani zubi mai zuwa. Tsarin CUPS 3 ba shi da gurbin PPD, tsofaffin na'urori za su koma bi ta wasu ƙananan manhajoji masu kwaikwayon firintar zamani. Duk ranar da aka sabunta kwamfutar nan zuwa babban zubi na gaba, akwai yiwuwar a sake komawa gidan jiya.

A bayan firintar akwai ramin kebul na netwok da ba a taɓa amfani da shi ba, a shafin bayanin da ta buga da farko kuma akwai kalmar AirPrint. Wannan ya canza lissafi. Wayoyin hannu ne suka tilasta wa masu ƙera firinta sauya hali, domin ba wanda zai ɗora direba a waya. Apple ta fito da AirPrint a 2010, ƙungiyar masu tsara ƙa'idojin firinta ta PWG ta fitar da IPP Everywhere a 2013, ɓangaren Android kuma ya samu Mopria a wannan shekarar. Tushensu ɗaya ne: firinta ta sanar da kanta a netwok, kwamfuta ta tambaye ta abin da ta iya ta yaren IPP a ƙofa ta 631, sannan a aika mata shafi a siffar da kowa ya sani. Firintar da ta ƙi jin komai sai yaren kamfani ta kan USB, ita ce dai ke karɓar zanen Apple na gama-gari ta kan netwok.

Aka jona ta da rauta. `avahi-browse -rt _ipp._tcp` ya nuno ta nan take, kuma a jerin siffofin da take karɓa akwai `image/urf`, wanda shi ne zanen AirPrint. Na ƙirƙiri sabon layi, na tura shafi, sai aiki ya maƙale, CUPS yana cewa ya kasa gano inda firintar take. Abin mamaki, ga ta an gani, ga shi an kasa isa gare ta.

Gani da isa aiki biyu ne. Avahi ne ke sauraron sanarwar na'urori ta mDNS, hanyar da na'urori ke faɗin sunansu a netwok, a ƙofa ta 5353, shi ne ya ga firintar ya kawo sunanta mai ƙarewa da `.local`. Amma lokacin aikawa, CUPS yana tambayar tsarin kwamfuta na yau da kullum ya mayar masa da wannan suna zuwa lambar IP. `avahi-resolve -n` ya ba da lambar, `getent hosts` da suna ɗaya ya dawo hannu rabbana. Gadar da ke tsakaninsu wani ƙunshi ne mai suna `libnss-mdns`, wanda ke ƙara `mdns4_minimal` a layin `hosts` na fayil ɗin `/etc/nsswitch.conf`. Yawanci yana zuwa tare da Avahi, amma wanda ya shirya kwamfutar ya zaɓi ɗora abin da ya zama dole kawai, ya bar ƙunsoshin da ake ba da shawara. Da aka ɗora shi, aikin da ya maƙale ya fita da kansa.

Duk da haka ban bar layin a kan suna ba. Na shiga rauta na keɓe wa firintar lamba ɗaya da ba za ta riƙa canzawa ba, sannan na sake gina layin da `lpadmin -p Ofis -E -v ipp://192.168.1.50/ipp/print -m everywhere`. Kalmar ƙarshe ita ce ke sa CUPS ya tambayi firinta da kansa ya tsara bayaninta, ba tare da fayil ɗin kamfani ba. A lura da matsayin `-E`: idan ta zo bayan `-p` tana nufin a buɗe layin ya fara karɓar aiki, idan ta zo kafinsa tana nufin a ɓoye sadarwa da sabar CUPS. Mutane da yawa sun ƙirƙiri layi a rufe saboda wannan, suna mamakin me ya hana shi aiki.

Girman takarda bai sake tasowa ba, domin firintar ce da kanta ta faɗi abin da ke cikin tirenta. Sauran kwamfutocin ofishin da wayoyin ma'aikata duk suka fara ganin ta, abin da ba ya faruwa lokacin da take ɗaure da kwamfuta ɗaya.

Shara da abin da aka rasa

Na goge tsohon layin da `lpadmin -x`, na mayar da sabon ya zama na farko da `lpadmin -d`, na cire ƙunshin kamfanin da `apt purge`. Na kashe cikakken rahoto da `cupsctl --no-debug-logging`, domin in an bar shi kundin zai yi ta kumbura. Na kuma tsayar da `cups-browsed`, mai ƙirƙiro layi da kansa ga firintocin da ya gani a netwok, wanda ya riga ya ƙirƙiro wani layi na biyu mai kama da na farko yana rikita masu bugu. Ofis mai firinta ɗaya da adireshi tsayayye ba ya buƙatarsa, kuma shi ne ƙofar raunin tsaron da aka bayyana a watan Satumba na 2024, inda yake sauraron saƙonni a ƙofa ta 631 ta UDP daga ko'ina. An toshe raunin a sabuntawar da ta biyo baya, amma abin da ba a amfani da shi gara a kashe.

Sauyin bai zo kyauta ba. Tagar bugu ta yanzu ba ta da wasu zaɓuɓɓuka da direban kamfani ke da su, musamman na tsimin tona da na daidaita duhun rubutu, domin IPP yana nuna abin da firinta ta sanar ne kawai. Shafukan da ke cike da hotuna kuma suna ɗan jinkiri kafin su fara fita. Mai ofishin ya damu da batun tona, sai muka rubuta lambar firintar a burauza, shafin saitinta ya buɗe, muka kunna tsimin daga can ya zama na dindindin ga kowa. Wanda ke son bugu mai duhu don takarda ta musamman sai ya shiga shafin ya kashe, in ya gama ya mayar.

Da firintar ba ta da ramin netwok, da mataki na gaba shi ne a duba rumbun OpenPrinting ko akwai buɗaɗɗen direba da ya san yarenta, irin su Gutenprint ko foo2zjs, waɗanda ake gina su tare da kowane zubi na Debian. In babu, sai a zauna da laburaren bit 32, a rubuta sunayen ƙunsoshin biyu da dalilin ɗora su a ajiye wa duk wanda zai sabunta kwamfutar nan gaba. A wannan ofis ba a kai ga haka ba, don haka laburaren ma na cire su bayan na tabbatar babu wata manhaja da ke dogaro da su.